Maganar Babana a Bakin Sululu

Ranar wata Asabar ce, ana saura 'yan kwanaki Sallar Layya, shekarar da na shiga aji uku na firamare. Ba ni mantawa, don ragon mai gidan da muke haya a Unguwar Rogo yana ɗaure gindin dalbejiya yana ta kuka, kuma ni anka sa in zuba mishi dusa kafin a fara wasa. Bayan la'asar anka kawo wuta, yaran gida sunka ɗauki ihu, Gwaggo Ige matar mai gidan ta sa anka fiddo talabijin ɗinta tsakar gida anka aza shi bisa kifaffen turmi. Mata sunka baza tabarmi, wata na tsinkar zogale, wata ta sa kan ɗiyarta tsakanin gwiwoyi tana kitso, Innata kuma tana bakin ƙofar ɗakinmu da faifai tana tsintar shinkafa. Ni ko ina can gaba, hancina kamar ya taɓa gilashin, ina ture duk yaron da ya matso, don babana za a nuna.

Babana baduku ne, rumfarshi na Ƙofar Marke, takalma yake yi da jakunkuna da kuben wuƙa, hannunshi kullum ja da rinin fata. Amma ranar Asabar duk Sakkwato ba wanda ya san shi da Arzika baduku, Sululu anka san shi. Sululu shi ne mugun cikin wasan kwaikwayon da gidan talabijin ke nunawa kowane mako, kuma ku tsaya in gaya muku irin muguntarshi, don ba irin ta yanzu ba ce ta ɗaga murya da zare ido. Sululu bai taɓa zagin kowa ba. Sallama yake yi a hankali, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sai ya zauna ya saki magana guda, ƙarama, ya ce shi dai bai so ya faɗa ba, ya tashi ya tafi. Kafin mako ya zagayo miji ya daina cin tuwon matarshi. In aikin ya yi kyau sai ya juyo ya dube mu, mu masu kallo, ya kanne ido ɗaya. Wannan kanne idon shi ne tambarinshi, yara har gasar kwaikwayonshi suke a layi.

A wasan ranar, wata mata ce ɗanta ya rasu mijinta na can fatauci, ta ƙi ci ta ƙi sha. Sululu kawunta ne a labarin, kuma ya daɗe yana neman hanyar raba ta da mijin. Sai ga shi ya shigo, ya durƙusa bakin ƙofa, ya cire hularshi ya aje ƙasa gaban ƙafafunta, ya ce da wata murya da na sani sarai, "Ga hulata nan ƙasa gabanki. Ban da abin ba ki sai kaina, to ga shi. In ba ki ci ba, ni ma na ƙoshi har ranar da kinka ci." Matar ta fashe da kuka ta jawo kwano. Tana kai loma ya ce, a hankali, ai shi abin da ke ba shi mamaki mijin da ya san yaro ba lafiya ya ɗauki jaka. Sannan ya juyo ya kanne mana ido. Tsakar gida ta kaure, wasu na dariya wasu na Allah ya isa, ni ina tafi. Sai Gwaggo Ige ta waiwaya, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Ke Kulu, wagga ba ita ce maganar da kinka ce ya hwaɗa miki ba? Har da hular?" Innata ta miƙe, faifan ya zame, kaji sunka yo kan shinkafar. Ba ta ko duba ba, ta shige ɗaki ta saki labule.

Abin da ya sa ta tashi, da daminar da ta wuce ƙanena Bello ya rasu, ƙyanda ta ɗauke shi yana fara tafiya. Inna ta kwanta ta juya wa duniya baya, ko kunu ba ta karɓa, maƙwabta sun yi lallashi har sun gaji. Ina zaune bayan ƙyaure ranar da Baba ya dawo daga rumfa da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya durƙusa ya cire hula ya aje gabanta ya faɗi maganar nan, kalma da kalma, yana hawaye. Ta tashi ta ci. Bayan ta warware ita da bakinta ta ba matan gidan labari wurin daka, tana jin daɗi, tana cewa Allah ya ba ta miji. Mace ce marar yawan magana, ba ta da gwal ba ta da atamfa ta nuna wa tsara, wannan labarin ne kaɗai adonta. Shi ne ta gani bisa turmi, a bakin Sululu, da kanne ido a ƙarshe.

To yanzu bari in gaya muku yadda ake wasan a lokacin, don wanda bai san wannan ba zai ce babana marar imani ne. Ba a rubuta musu komai. Ranar Alhamis da yamma suke taruwa a filin wata firamare, ƙarƙashin tsamiya, wani lokaci Baba ya tafi da ni in riƙe mishi jakar kaya, in zauna bisa tagar aji ina cin gyaɗa. Shugabansu Malam Ladan, wani dogon tsoho mai sanda, shi zai tsaya ya ba da labarin da baki: kai ne miji ka yi tafiya, ke ce mata ɗanki ya mutu, kai Sululu ka sa ta yarda da kai. Shi ke nan. In wani ya tambaya me zai ce, sai ya buga sanda ƙasa ya ce, "Kowa ya nemo magana cikin cikinai. Ni ba ni sayar da ita." Mai yin alƙali daga zaman sulhun unguwarsu yake kwaso tashi, mai yin tsohuwa daga bakin kakarta. Shi ko mai yin mugu, aikinshi ya fi na kowa wuya, don dole maganarshi ta shiga zuciya, in ba haka ba mai kallo zai ce wace wawiya ce za ta yarda da wannan. Babana ya duba cikin cikinshi kamar yadda anka ce, maganar da ta fi kowace shiga zuciya ita ce wadda ya taɓa faɗa da gaske.

Haka ya gaya wa Inna da ya dawo ya tarar ba a dafa komai ba. Ina jin su ta labule. Yana cewa, "Wasa ne fa, Kulu. An ce in sa ta ci abinci, ban ga maganar da ta kai wagga ƙarfi ba." Ita kuma ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗa ta yi da ya fi sauƙi, "To wace ce wasan, ta ɗaki ko ta gari?" Ya yi rantsuwa. Ta ce Sululu ma yana rantsuwa, ta ji shi makon jiya.

Daga nan gidanmu ya canza, amma ba a rana ɗaya ba. Sallah ta zo ta wuce, anka soya nama, ni da 'yan matan gida munka sha lalle munka yi yawon barka da Sallah har Ƙofar Marke. Aiki bai tsaya ba: da asuba in tafi layin famfo da bokiti, in dawo in share ƙofar ɗaki, in kai niƙa, in wanke kwanoni da toka, in dawo makaranta in ɗauki tiren dafaffiyar gyaɗar Inna in zaga layi. Da yamma mu yi 'yar gala-gala da carafke har a kira magariba. Sai dai cikin ɗaki magana ta ƙare. Da can in Baba ya dawo, Inna takan zauna gefen tabarma tana mishi fifita tana ba shi labarin wuni, wa ya haihu, akuyar wa ta ci shanyar wa, shi yana dariya yana kwaikwayon muryar kowa har cikina ya yi ciwo. Yanzu sai ta aje kwano ta koma gefe. In ya ce mi ya faru yau, ta ce ba komai. Wata rana ya matsa, ta ce, "Mi zan hwaɗi, a kai wa gari ranar Asabar?" In ya zo da tsire ta dubi tsiren ta dubi fuskarshi, kamar tana jiran ya juya ya kanne wa wani ido. Ya yaba miya, laifi. Bai yaba ba, laifi. Mutumin da gari duka ke cewa ya iya baki, ya rasa kalma ɗaya da matarshi za ta karɓa.

Kuma akwai mai hura wutar. Gwaggo Ige ta fi kowa tsine wa Sululu ranar Asabar, har tofar da yawu take, amma sauran kwanakin mako aikinshi take yi ba tare da an ɗauke ta hoto ba. Sai ta shigo aron rariya, ta zauna bakin gado, ta tambayi lafiyata, sannan ta sassauta murya. Ita dai ba ta so ta faɗa ba, amma mutum ba ya iya abin da ba halinshi ba. Ita dai tausayin Kulu take ji, 'yar mutanen kirki. Ta ɗauki rariya ta fita. Ina ƙarama amma sai da na gane takun, don na gan shi a talabijin ɗinta. A makaranta kuma, lokacin hutun ƙarfe tara, in mun zauna gindin kuka muna sayen awara, sai wani ya cire hular kwali ya aje gabana ya ce ga hulata nan ƙasa gabanki, aji ya kwashe da dariya. 'Yar Sululu, sunana ke nan har na gama firamare. In 'yan mata biyu sunka yi faɗa, ko ina gida kwance da zazzaɓi, sai a ce ni na haɗa su. Malamarmu da kanta ta taɓa cewa in zauna nesa da mai rubuta sunan masu surutu kar in sa mata magana a kunne, tana dariya, ita a ganinta raha ce.

Da lokacin yankan shinkafa ya zo, Inna ta ce za mu Wamakko gidan iyayenta mu taya su aiki. Kowace shekara muna zuwa, don haka Baba bai kawo komai a ranshi ba, har tasha ya raka mu ya saya mini rake. Ni dai na lura ta ɗaure har da kwanonin jerenta cikin zane. Wamakko daɗi gare ta ga yaro. Da sassafe mu bi Kawu Sahabi, yayan Inna, zuwa fadama, raɓa na jiƙa mana zane, a ba mu igiya mai gwangwanaye mu riƙa ja muna ihu muna korar tsuntsaye. Mu gasa ɗanyar masara, mu kama fara mu cika leda, mu tsaya bakin gulbi muna kallon masu kwale-kwale suna jan taru. Mata na bugun shinkafa suna waƙa, ƙaiƙayi na shiga wuya, da rana a kawo fura da nono cikin ƙwarya babba kowa ya sa ludayi. Kakana, mahaifin Inna, in ya gan ni sai ya ce ga amaryarshi ta birni ta zo da ƙafafu kamar tsinken tsire, ni kuma in ce ba ni auren tsoho mai haƙori biyu. Anka gama yanka, anka gama sheƙa, anka cika rumbu, Inna ba ta ce mu koma ba. Sai a sannan kowa ya gane yaji ta yi.

Baba ya zo biko ranar wata Jumu'a bayan an sauko masallaci, shi da Malam Ladan, da farar riga da jar hular da yake ji da ita. Anka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Kaka a tsakiya, Kawu Sahabi a gefe yana sassaƙar ƙotar fartanya ko ɗaga kai bai yi ba. Inna tana bayan ƙofar cikin gida, ni ina jikinta. Abin da ba mu lissafa ba, Wamakko ma suna da talabijin. Labari ya zaga cewa Sululu ya zo gari, yara sunka cika ƙofar zaure, wasu sun hau katanga, har da manya masu wucewa da jaki sunka tsaya. Malam Ladan ya yi bayani mai tsawo, ya ce laifin nashi ne shi da ke cewa a nemo magana a ciki, ya ce Arzika ya yarda zai bar wasan in dai Kulu za ta koma. Kaka ya gyaɗa kai, ya ce to shi mai maganar ya faɗa da bakinshi. Na ji hannun Inna ya matse kafaɗata. Wallahi na tabbata a lokacin ta sauko, ƙafarta ɗaya har ta haye dokin ƙofa.

Baba ya gyara durƙuso. Kafin ya fara magana, idonshi ya kawo ruwa. Sai hannunshi ya tafi kai da kanshi, kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni duk lokacin da abu ya kai mishi maƙura, ya cire jar hular ya aje ƙasa gaban Kaka. Wani yaro bisa katanga ya ƙwala, "Ga hulata nan ƙasa gabanki!" Ƙofar zaure ta fashe da dariya, har masu jaki. Kawu Sahabi ya aje wuƙarshi, ya dubi Baba a karon farko, ya ce, "To, saura kanne ido." Kaka ya daka tsawa anka kore yaran, amma aikin gama ya gama. Inna ta janye ƙafarta. Baba ya daɗe yana duban hular, sannan ya ɗauka ya kakkaɓe, bai mayar kai ba, ya riƙe a hannu ya fita, yara na bin shi har bakin hanya suna Sululu, Sululu. Kafin azumi, Baba ya aiko da takardar saki, don ita ta nema.

Ya bar wasan duk da haka. Anka sa wani, bai kai mako nawa ba mutane sunka ce ba ya da gishiri, anka kashe Sululu a labarin. Ni na dawo wurin Baba don makaranta, munka zauna gidan mahaifiyarshi a Ƙofar Marke, hutu in tafi Wamakko. Inna ta yi wani aure can, mutumin kirki ne, manomin albasa, in ya yi magana goma a wuni ya yi surutu, ina jin abin da ta nema ke nan. Gwaggo Ige tana nan da ranta, ta je Makka, in ta gan ni sai ta ce Allah sarki, auren iyayenki ya ba ta tausayi. Baba kuwa har yau in ka tsaya bakin rumfarshi za ka ji mai babur ya wuce ya ce Sululu ina wuni, shi kuma ya ɗaga basilla ya amsa. Ya daina kwaikwayon muryar mutane. Ban sake ganin ya cire hula gaban kowa ba, ko aski sai ya shiga ciki.

Kuna tsammani zan tsani wasan kwaikwayo, ko? Ai ni ya riga ya shiga jinina. Ba wanda ya koya mini, da waya na koya, duk tsohon wasan da na samu sai na karanta ko na kalla, na gida da na wasu ƙasashe da anka fassara, wani sai na yi ta duba ma'anar kalmomi kafin in gane. Abin da ya ba ni mamaki, ko'ina akwai Sululu. Tun zamanin da can, a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Sakkwato ba, ga shi nan, mai ladabi, abokin miji ko dangin mata, ba ya ɗaukar sanda, ba ya ma cika yin ƙarya tsagwaronta, gaskiya yake ara ya aje ta inda za ta yi ɓarna. Kuma kullum aure yake nema, don nan ne mutum biyu ke zaune ba su da wata shaida sai maganar juna. Masu rubuta waɗancan wasannin sun nuna gidajen da mugun ya rusa cikin labari, amma ban ga wanda ya waiwayi gidan mai sa rigar mugun ba. Shi ya sa in na shirya wa 'yan matan Islamiyyarmu ɗan wasa na walimar sauka, kowace kalma sai na rubuta musu, in wata ta ce Anti Luba bari in ƙara abin da mamana ke cewa, in ce a'a, ki bar wa mamanki abinta.

Yanzu duniya ta waye. Mai fitowa a mugu in ya shigo kasuwa rububin ɗaukar hoto da shi ake yi, matarshi na gefe tana murmushi, kowa ya san aiki ne, an rubuta mishi ya haddace. Ba a kife turmi a tsakar gida, kowa da wayarshi a ɗakinshi. Bara na je wurin masu tura finafinai a waya, yaron ya ce yana da tsofaffin wasannin gidan talabijin, na ce ya zuba mini duka. Ina bi ɗaya bayan ɗaya sai ga shi, hoton ya dushe, muryar na rawa, babana da baƙin gashi yana durƙushe bakin ƙofa. Na kalla ban san iyaka ba. Idonshi a wurin ba na Sululu ba ne, na san shi, shi ne na ranar da ina bayan ƙyaure. Ban nuna wa Baba ba, ban tura wa Inna ba. In kewarsu tare ta taso mini sai in kunna, ya cire hula, ya aje, ya ce in ba ki ci ba ni ma na ƙoshi, matar ta jawo kwano. Nan nake sa yatsa in tsayar da shi, kafin ya juyo.